Zauren Gwaggo: Darakta ya yabe ni, na ce masa aikin ba wuya

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ma'aikaciya ce a sashen kuɗi na wata ma'aikatar gwamnati, shekarata biyu da kama aiki, ina mataki na 8. Watan jiya aka ba ni aikin daidaita takardun albashi na wata shida da suka cakuɗe. Sati uku ina kansa, wata rana har bayan magariba ina ofis. Da na gama, darakta ya miƙe a taron ma'aikata ya ambaci sunana, ya ce na yi aikin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Gwaggo, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a ranka ya daɗe, ai ba wani abu na yi ba, aikin ma ba wuya." Sai na ga fuskarsa ta canza, ya ce "to", ya shiga wata magana. Abokiyar aikina ta ce na kwafsa. Ni kuwa a gidanmu an koya mana yabon kai jahilci ne. Me ya kamata in ce?
Wata 'yarki daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yata. Abokiyar aikinki gaskiya ta faɗa miki, sai dai ba irin kwafsawar da za ta hana ki barci ba ce, tana gyaruwa.

Mu fara da karin maganar da kika kawo. Yabon kai jahilci, haka ne, amma ki dubi wanda aka yi ta dominsa: mutumin da zai buɗe baki ya wasa kansa da kansa ba wanda ya tambaye shi. Ke ba ki yabi kanki ba. Kina zaune wani ya miƙe ya yabe ki. Magabatan da suka bar mana wannan magana su ne suka ce yabon gwani ya zama dole, su ne kuma suka ce yaba kyauta tukwici. Darakta ya sauke nasa nauyin, saura naki, ke kuwa sai kika mayar masa da kyautarsa a gaban jama'a.

Ki duba abin da ya shiga kunnensa. Ya ce an yi babban aiki, kin ce ba a yi ba. Ɗayan biyu ke nan: ko bai san aiki ba, ko yana zuzuta abin da bai kai ba. Na san ba haka kike nufi ba, shi ma wataƙila ya sani, amma babba ba ya son a gyara masa zance a gaban na ƙasa da shi, ko da gyaran na ladabi ne. Abin da ya canza masa fuska ke nan.

Ni ma na taɓa yin irinta, tawa ma ta fi taki muni. A 1984 na kama aiki ina buga tafireta, zamanin da sojoji ke yaƙi da rashin ɗa'a, ma'aikaci ya makara a sa shi tsallen kwaɗo a bakin ƙofa komai furfurarsa. Ba kwamfuta lokacin. In ka yi kuskure a takardar sitensil sai ka shafa wani jan ruwa mai ƙarfin wari, ka jira ya bushe, ka sake bugawa a kai. A shekarata ta biyu aka kawo mini kasafin kuɗin ma'aikatarmu, kusan duk lambobi ne, ana sonsa da gaggawa. Kwana biyu ina bugu har yatsuna suka yi tsami. Ranar da aka kai shi sama, babban sakatare da kansa ya leƙo ɗakinmu, abin da bai taɓa yi ba, ya ce wa ya buga wannan. Aka nuna ni. Ya ce ya karanta daga farko har ƙarshe bai ga kuskure ko ɗaya ba. Na durƙusa, na ja mayafi, na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a rasa kuskure ba, sai dai in ba a duba da kyau ba." Kin ji! Na gaya wa babban sakatare bai iya duba takarda ba. Ya ɗan tsaya yana kallona, ya juya ya fita.

Akwai wani tsohon masinja a wurin, tsohon soja ne, yana zaune kan benci ya ji komai. Da aka tashi ya kira ni ya ce, "Yarinya, in babba ya miƙo miki goro, hannu biyu ake sa wa a karɓa. Ko ba kya ci, ki jefa a jaka." Har na yi ritaya a 2019 ban ji wanda ya yi mini bayanin wannan al'amari fiye da haka ba, ga shi kuwa na zauna kwasa-kwasai da yawa a otel ana shan shayi.

Na daɗe ina tunanin me ya sa muke ruɗewa haka. Ina ga dalilin shi ne a gida yabo ba ya zuwa tsirara. Ki yi wa mahaifiyarki wanki, ba za ta ce kin ƙware ba, cewa za ta yi Allah ya yi miki albarka, ke kuma ki ce amin. Ki yi tuwo ya yi kyau, a ce sannu da aiki, ki ce yauwa. Yabon namu cikin addu'a da gaisuwa yake naɗe, kowanne kuma da amsarsa a shirye, ɗan shekara uku ma ya san ta. Ba a taɓa cewa da mutum Allah ya yi albarka ya ce a'a, abin bai kai ba. Uwa ma don alkunya ba ta yabon ɗanta a gabansa, ɗan fari kuwa ko sunansa ba ta kamawa. Da wannan tarbiyya muka shiga ofis, inda ake kiran sunanki a ce ke kika yi kaza kuma ya yi kyau, ba addu'a a ciki ballantana ki ce amin. Baki ya rasa abin kamawa, sai ya kama "ba komai".

"Ba komai" tana da gurbinta. Wanda ya taka ki ya ba ki haƙuri, ko wanda kika ara wa biro ya yi godiya, su ake ce wa ba komai. Aikin sati uku har bayan magariba kuwa komai ne.

Abin da za ki ce gajere ne: "Na gode, ranka ya daɗe. Alhamdu lillahi, na ji daɗi da aikin ya yi amfani." Daga nan ki yi shiru. Shirun shi ne wurin wahala, don baki zai so ya ƙara cewa ai da an ba ki lokaci da ya fi haka, ko akwai wurin da bai yi miki ba. Ki danne. In akwai gyara, ki kai shi gobe a ofis, ba a taron ba. Kada kuma ki juya ki hau yi masa kirari, ai duk hikimarka ce, ai ba mu taɓa samun shugaba irinka ba. Kalma ɗaya ta gaskiya, irin "na gode da ka amince mini da aikin", ta isa. In ta wuce haka ta zama banbaɗanci, kuma abokan aikinki sun fi ki saurin ganewa. Kunyarki kuwa ki riƙe abarki, ba na son ki rabu da ita. Ki sassauta murya, ki sauke ido in kin ga dama, amma a ji godiyar daga inda yake tsaye.

In abin da ke damunki tsoron riya ne, to an tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutumin da yake aikin alheri mutane su yabe shi a kai, ya ce wannan bushara ce ta gaggawa ga mumini. Muslim ne ya ruwaito daga Abu Zarri. Hadisin da ya ce a watsa ƙasa a fuskar masu yabo, kan masu zuga ne da suka mai da yabo sana'a, suna kumbura mutum da abin da ba shi da shi. Daraktanki abin da ya gani ya faɗa. Ki karɓa a fili, a zuci kuma ki yi addu'ar da magabata ke yi in an yabe su: Allah kada ka kama ni da abin da suke faɗa, ka gafarta mini abin da ba su sani ba, ka sa in fi yadda suke zato.

Yanzu bari in yi miki maganar fayil, don shekarun ƙarshe na aikina a sashen kula da ma'aikata na yi su, fayil ɗin mutane ke wucewa ta hannuna. Daga mataki na 7 zuwa na 14 sai an shekara uku ake neman ƙarin girma, ke nan saura miki shekara guda. Takardar auna ƙwazon ma'aikaci da ake cikewa duk shekara, wadda a zamaninmu ake kira APER, akwai kashin da ke da kanki za ki rubuta abin da kika yi, sannan na gaba da ke ya ba ki maki. Na ga haziƙan mata da yawa sun rubuta layi biyu a wurin saboda kunya, na kuma ga ragwaye sun cika shafi har da ƙari a baya. Mai ba da maki mutum ne, yana da ma'aikata da yawa, yana mantuwa. Abin da ya rage a kansa game da aikin albashin nan yanzu shi ne abin da kika gaya masa da bakinki, cewa ba wuya. Gobe in an kawo wani cakuɗaɗɗen aiki ke za a ba, a ce a gama cikin sati ɗaya tunda ba wuya. Ki sami ɗan littafi ki rubuta ranar taron, da aikin, da yawan watannin da kika daidaita, da abin da aka ce. Annabi Yusufu ma, da lokacin faɗa ya yi, cewa ya yi da sarki a ɗora shi kan taskokin ƙasa don shi mai tsarewa ne, masani. Bai ce wa sarki ba komai ba.

Gyaran na minti biyu ne. Ki shiga ofishinsa da wani aikin a hannu, in kin gama abin da ya kai ki ki ce, "Ranka ya daɗe, ranar nan kunya ce ta kama ni ban yi godiya yadda ya kamata ba. Na gode, maganarka ta ƙara mini ƙarfin gwiwa." Dariya zai yi. Ni ban samu na yi nawa gyaran ba, an yi wa mutumin canjin ma'aikata kafin in tara ƙarfin halin hawa bene.

Gwaggo, barka da aiki. Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa. Mun kai wa manaja rahoton kasuwa, ya ji daɗi, ya rubuta a zaurenmu na WhatsApp cewa na yi namijin ƙoƙari. Na amsa da godiya, mutane suka yi ta taya ni murna. Matsalar ita ce wani ɗan bautar ƙasa da ke ƙarƙashina shi ya zaga shaguna ya tattaro alƙaluman, shi ya zana jadawalin, ni gabatarwa da kammalawa kawai na rubuta. Tun ranar gaisuwarsa ta yi sanyi. Ban yi ƙarya ba ai, godiya kawai na yi. Ko akwai laifina?
Ɗanki daga Kaduna

Akwai, ɗana, ka kuma sani, in ba haka ba da ba ka rubuto ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gaskiya ne ba ka furta ƙarya ba, amma an sa maka rigar wani ka gyara wuyanta ka zauna. A ƙarshen suratu Ali Imrana an yi gargaɗi ga masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba, ba a ce sai sun roƙi yabon da bakinsu ba. Na ce wa 'yar'uwarka ta Zariya ta karɓi goronta da hannu biyu don nata ne. Naka goron rabinsa ko fiye na yaron nan ne, ka jefa duka a aljihu yana kallo.

Ka kuma dubi wanda ka yi wa. Ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya gare shi, ba shi da fayil a wurinku, ba shi da murya a taro. Abin da zai fita da shi daga kamfanin nan sunan da ya yi ne, da takardar shaida in an ba shi, da wataƙila a ce ya tsaya a ɗauke shi aiki. Duk ukun ta bakinka za su bi su kai ga manaja. Kai wannan yabo daɗin yini ɗaya ne, shi kuwa yana iya zama masa abincin shekaru.

A inda aka yi yabon a nan za ka gyara. Ba ka kira shi gefe ka ce masa kai ma ka yi ƙoƙari ba, wannan bai biya ba. Ka koma zauren ka rubuta cewa kana ƙara godiya, kuma ya kamata a sani wane, ka kama sunansa, shi ya zaga shagunan ya tattaro alƙaluman, shi ya yi jadawalin. Ka faɗi abin da ya yi dalla-dalla. Kada ka fake da "ai aikinmu ne gaba ɗaya" ko hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Irin wannan magana daɗin ji gare ta, amma ba ta ɗora kowa a ko'ina, manaja zai ɗauka tawali'u kake yi ya ƙara maka maki. Suna ake kamawa.

Kada kuma ka zarce ka goge kanka. Kai ka ba shi aikin, kai ka duba, kai ka tsara rahoton har ya karantu. Wannan naka ne, ka riƙe. In kana tsoron darajarka za ta ragu, ni abin da na gani a shekara 35 shi ne shugabanni sun fi amincewa da wanda yake faɗin wa ya yi me, don in ya ce shi ya yi abu sun san shi ya yi. Wanda kullum komai shi ne, ranar da aka tsare shi da tambaya kan lambar da ke shafi na tara, ranar ake gane wa ya zaga shaguna.

Gaisuwar yaron za ta dawo da kanta, ba sai ka saya masa lemo ba.

Gwaggo, ina gaisuwa. Malamar firamare ce ni. Mai duba makarantu ya zo ya ji yaran ajina suna karatu, ya yabe ni gaban sauran malamai har ya ce su zo su ga yadda nike yi. Tun sannan ba ni da kwanciyar hankali, ina tsoron baki. Kwana biyu da yin haka na yi zazzaɓi. Wasu malaman kuma sun fara ce mini "gwana" cikin gatse. Har na fara tunanin in rage ƙoƙari.
Ɗiyarki daga Maraɗi

Ɗiyata, ba zan ce miki baki ba gaskiya ba ne, ya tabbata a hadisi. Amma ki tuna yadda aka yi da Sahalu ɗan Hunaifu, wanda Amiru ɗan Rabi'a ya gan shi yana wanka ya yaba kyawun jikinsa, ya faɗi ba lafiya. Da labari ya je wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mai yabon ya yi wa faɗa, ya ce me ya hana ka sa masa albarka. Ba a ce wa Sahalu ya rage kyau ba. In mai yabo ya manta, ke ki cike masa: "Masha Allah, tubarkalla. Na gode." Ba wanda zai ji haushin wannan. Ki riƙe Falaƙi da Nasi safe da yamma, zazzaɓin kuma ki je asibiti a gwada jini, sauro bai san an yabe ki ba.

Maganar rage ƙoƙari ki cire ta daga ranki. Yaran da suka fara haɗa baƙi ba su yi miki laifin komai ba.

Masu gatse kuwa, rabin laifin na mai duba makarantun ne, da ya yabe ki ta hanyar auna ki da su. Ba daɗi a ce wa wadda ta shekara ashirin tana riƙe da alli ta je ajin ƙanwarta ta koyi aiki. Kada ki sake ɗauko zancen a ɗakin malamai, ko da wasa. In an ce "gwana", ki yi dariya ki ce a wurinku na koya, ki ci gaba da abin da kike yi. Ki kuma riga su: ki je wurin babbar cikinsu ki tambaye ta yadda take shawo kan yaro mai ƙiriniya ko yadda take koyar da lissafi, tambaya ta gaskiya a kan abin da ta fi ki. In ta ga kin zauna a ajinta, zuwa naki ba zai yi mata nauyi ba. Wadda ta ƙi saukowa duk da haka, ki bar ta, hassada ga mai rabo taki ce.

Gwaggo, ni tawa matsalar daban ce. Shekarata huɗu ina koyon ɗinki a wurin maigidana. Ko na yi aikin da ya fi kowanne kyau, sai ya juya rigar ciki da waje, ya ja ɗinkin, ya ce "ba laifi". Bai taɓa wuce haka ba. Yaya ake amsa wannan?
Ɗanki daga Gusau

Ɗana, dattijon tela ya juya riga ciki da waje, ya ja ɗinki bai ga inda ya buɗe ba, ya ce ba laifi, kai kuma kana jiran me, tambari? Ka ce "na gode, maigida, Allah ya ƙara girma." Ka kuma lura da irin yadin da yake miƙo maka. Ranar da ya ba ka shaddar mutane mai tsada ya ce ka yanka, ya fita sallar la'asar bai tsaya a kanka ba, ka rubuto mini.